Ba Sa So Ne, Ko Hana Su Ake Yi? Amsa Kan Ƙarancin Mata a Aikin Ɗan Sanda

Tambaya: Malam, na lura duk ƙasar da ka duba, 'yan sanda mata ba su taka kara sun karya ba. Ni dai a nawa ganin aiki ne na ƙarfi da kasada, shi ya sa matan da kansu suke kauce masa. Amma kullum sai in ji ana cewa tarnaƙi aka sa musu. Ina tarnaƙin yake, tunda babu dokar da ta hana mace neman aikin?

Amsa: Ɗan'uwa, idonka bai yi maka ƙarya ba. Na kwashe shekaru ina aiki a kan yadda ake ɗaukar kuratan 'yan sanda da horar da su, kuma ban taɓa ganin ranar tantancewar da mata suka fi maza yawa a layi ba. Wannan kam na ba ka. Inda za mu raba gari shi ne wajen dalili.

Mu fara da alƙaluma. A Amurka mata ba su wuce kashi 12 zuwa 13 cikin ɗari na 'yan sanda masu ɗamara ba, kuma adadin ya shafe shekaru yana tsaye wuri guda kamar an kafe shi. Cikin shugabannin rundunoni kuwa wajen kashi 3 ne kacal. A Indiya wajen kashi 12 ne, duk da gwamnatin tarayya ta sha shawartar jihohi su kai kashi 33. Amma leƙa Ingila da Wales, sun haura kashi ɗaya cikin uku. A Latbiya da Lituweniya ana maganar wajen kashi 40. To halittar macen Landan da ta macen Shikago ɗaya ce, ɓarayin biranen biyu kuma duk gudu suke yi in an biyo su. Da ƙarfin jiki da tsoron kasada ne kaɗai suke yanke hukunci, da adadin ya yi kusa da juna a ko'ina. Tunda wata runduna tana da huɗu cikin goma, wata kuma ɗaya da ƙyar, ka san ruwa ba ya tsami banza.

Tsamin ya samo asali ne tun daga tushe. An kafa rundunar 'yan sandan Landan a 1829, kuma rundunoni da yawa a duniya tsarinta suka kwaikwaya. Sai da aka yi shekara 90 cur kafin mata su fara sintiri a cikinta, a 1919, kuma a farkon ma ba su da ikon kama kowa. Kafin nan an sami ɗaiɗaiku, irin su Alice Stebbins Wells a Los Anjeles a 1910, da Edith Smith a garin Grantham na Ingila a 1915. Aikin da aka yanka musu shi ne yaran da suka ɓata, 'yan matan da suka gudu daga gida, da caje matan da aka kama. A Landan sai 1946 aka janye ƙa'idar da ta hana matar aure aikin, kuma sashen mata ya ci gaba da zama daban, da nasa jerin ƙarin girma, har 1973. A Amurka sai 1968 aka fara ba mata biyu motar sintiri irin ta maza, a Indiyanafolis. Kiran Bedi ta shiga sahun manyan jami'an 'yan sandan Indiya a 1972, ita ce ta farko. 'Yan sandan tarayyar Kanada sai 1974 suka ɗauki mata. Ka lissafa da kanka: yawancin waɗannan ƙofofin ba su fi shekarun dattijo guda da buɗewa ba. Kafin a buɗe su an riga an gama komai. Tsawon da ake buƙata, ɗinkin kaki, ginin caji ofis, jadawalin kwanan aiki, duk an yanka an ɗinke da awon mutum ɗaya, wato namiji wanda ya baro wata a gida tana kula masa da yara. Da mata suka iso ba a sake awo ba. Miƙa musu rigar aka yi aka ce su sa.

Ka ce babu dokar da ta hana. Wadda aka rubuta ƙarara cewa mace ba ta shiga, e, ta kau a mafi yawan ƙasashe. Sai dai ba lallai sai an rufe ƙofa ake hana mutum shiga ɗaki ba, ya isa a ɗaga dokin ƙofar. A Najeriya an daɗe da ƙa'ida mai lamba 127 a kundin ƙa'idojin 'yan sanda da ta ce 'yar sandan da ba ta da aure in ta yi ciki a sallame ta, alhali babu makamanciyarta a kan ɗan sandan da ya yi wa wata ciki. Sai a Janairun 2023 kotun ma'aikata ta soke ta. Wata ƙa'idar a kundin ta taɓa ɗora wa 'yar sanda neman izinin kwamishina a rubuce kafin ta yi aure, har da bayanin wanda za ta aura. A Indonesiya, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fallasa a 2014 cewa ana yi wa mata masu neman aikin gwajin budurci. Faɗa mini yarinyar da za ta ji haka ta ce gobe da sassafe za ta je karɓar fom.

Akwai kuma ƙa'idar da a ido ba ta nuna bambanci, amma a aikace tankaɗe take yi. Girka ta sa wa duk mai son shiga makarantar 'yan sanda, mace ko namiji, tsawon mita 1.70. Daidai wa daida, ko ba haka ba? To yawancin maza sun kai, yawancin mata ba su kai ba. Maganar ta je kotun Tarayyar Turai, wadda a 2017 ta ce wannan wariya ce ta bayan gida, domin ba kowane aikin ɗan sanda ne yake buƙatar ƙarfi ba, inda ma yake buƙata tsawo ba shi ne ƙarfi ba. In ƙarfi kake nema, ka gwada ƙarfin.

Wannan ya kawo mu gwajin ƙarfi, inda na fi ganin ana tafka muhawara ba tare da an taɓa zuwa filin ba. Ni ina goyon bayan a yi gwaji, kuma mai tsauri. Wanda zai janyo sumammen mutum daga motar da ta yi hatsari dole ya iya jan nauyi. Tambayar ita ce me gwajin yake aunawa. Wata rana na tsaya kusa da katangar katako mai ƙafa shida da ake sa masu neman aiki su haura. Wata siririyar yarinya, wadda ita ta zo ta farko a gudu cikin rukuninta, ta kama bakin katangar da hannu biyu tana ƙoƙarin jan jikinta sama kamar yadda ta ga samarin gabanta sun yi. Ta zame. Ta sake, ta zame, tafin hannunta ya saɓule. Aka ja layi a kan sunanta. Da aka tashi, wani tsohon saje mai koyar da atisaye ya kira ta gefe ya ce, "'Yata, ai ba da hannu ake hawa ba. Taka katangar da ƙafa ɗaya, ki rataya hammatarki a kai, ki jefa diddige sama." Minti goma bai cika ba ta haye sau uku a jere. Amma an riga an rufe takarda. Abin da katangar ta tantance ranar nan shi ne wa ya saba haura katanga tun yana yaro.

Wani abin ban dariya kuma, rundunoni da yawa sau ɗaya suke wannan gwajin, ranar shiga. Daga nan har ritaya ba mai sake tambayar kowa. Sai ka ga sufeto tumbi ya danne masa bel, hawa biyu na bene sai ya tsaya ya huta, yana bakin aikinsa lafiya lau, ba wanda ya ce ya zama haɗari ga jama'a. In katangar nan ce ruhin aikin, me ya hana a kai shi gabanta duk shekara?

Hukumar FBI ta Amurka ta bi wata hanya, ta raba ma'auni. A atisayen nan da ake dafa ƙasa da hannu a riƙa ɗaga jiki, namiji sau 30, mace sau 14. Wani kurtu ya yi 29, ya faɗi da ɗaya tal, ya kai ƙara cewa an nuna masa bambanci. A 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta ce raba ma'auni ba laifi ba ne muddin wahalar da aka ɗora wa kowane ɓangare daidai take da ta ɗayan. Na fahimci hujjar, amma ni tsarin bai kwanta mini ba. Yana barin mace da tabon "ragi aka yi mata" har ta bar aiki, ko da ta fi rabin mazan ajinta juriya. Na fi son gwaji ɗaya ga kowa, wanda aka kwaikwayo daga aikin kansa: gudu da kaya a jiki, hawan bene, jan nauyin mutum, riƙe mai turjiya. A sanar da shi watanni kafin ranar, a buɗe fili ga duk mai son koyon dabara. Wanda ya kasa bayan haka, mace ko namiji, ya kasa.

Yanzu batun cewa aiki ne na ƙarfi. Samu dama ka saurari rediyon sintiri na dare guda. Rigimar miji da mata, hatsarin mota, maƙwabta suna sa-in-sa, mai taɓin hankali ya tsaya tsakiyar titi, yaro ya ɓata, sai rubuta bayani, sai wani rubutun. Kokawa da ɗan fashi tana zuwa, amma jefi-jefi. Makamin da ɗan sanda ya fi aiki da shi bakinsa ne, sai biro. An kuma gwada abin tun da daɗewa. A binciken da aka fitar a 1974 a birnin Washinton, an bi diddigin sabbin 'yan sanda mata 86 da maza 86 a aikin sintiri. Matan ba su kai mazan yawan kame ba, amma wajen shawo kan masu fushi da masu tayar da hankali sakamakon kusan ɗaya ne, kuma ba a cika samunsu da babban laifin rashin ɗa'a ba. A 2021 mujallar Science ta buga wani bincike kan 'yan sandan Shikago, inda aka kwatanta jami'an da suke unguwa ɗaya a lokacin aiki ɗaya, aka ga mata sun gaza maza amfani da ƙarfi da wajen kashi 28.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne na Amalia Miller da Carmit Segal, na 2019. Sun gano cewa a yankunan Amurka da yawan 'yan sanda mata ya ƙaru, matan da aka ci zarafinsu sun fi kai ƙara, musamman kan dukan cikin gida, kisan da ake yi tsakanin ma'aurata da masoya kuma ya ragu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Macen da aka yi wa fyaɗe, ta zo caji ofis ta tarar da maza biyar a teburin karɓar ƙara, a ce ta fayyace abin da aka yi mata dalla-dalla, wani yana rubutu wani yana kallonta. Da yawa daga bakin ƙofa suke juyawa. Ƙarar da ba a shigar ba kuwa, mai laifin yana nan yana yawonsa. Ga shi kuma dokar ƙasashe da dama ta ce mace ce za ta caje mace, don haka caji ofis ɗin da ba shi da 'yar sanda a daren, aikinsa ya tsaya.

Bari in yi wa masu goyon bayana hannunka mai sanda a nan. Akwai masu cewa a ɗauki mata domin sun fi tausayi, sun fi taushin hali. Ina gudun wannan magana. Na ga 'yan sanda mata masu zafin hannu da masu karɓar na goro, na ga maza masu haƙurin da ya fi na kowa. In ka ɗauki mace don taushi, gobe za ka ajiye ta a teburin yara da mata ka ce nan ne wurinta, ka ga an koma 1919.

Duk wannan a bakin ƙofa muke. Asarar da ta fi girma tana faruwa ne bayan an shiga, kuma ita ce ba a cika ƙirgawa ba.

Ɗauki rigar sulke. An fara ƙera ta da shimfiɗaɗɗen ƙirjin namiji. A jikin mace sai ta ɗage, ta bar rata a gefen hammata, daidai inda wuƙa za ta iya shiga. In ta karɓi babba don ta samu numfashi, ƙasan rigar ya riƙa karo da bel, tana zama a mota ya turo ta har maƙogwaro. Bel ɗin kansa ɗauke yake da bindiga, ankwa, kulki, rediyo da tocila, ƙugun da bai da faɗi kuwa ba ya da wurin jera su, sai wani ya koma baya yana danne mata gadon baya awa goma. Sai banɗaki. A ajiye jami'ai tsaron taro tun safe har dare. Namiji ya zagaya ya dawo cikin minti ɗaya. Ita sai ta sami wuri mai ƙofa, ta kwance bel da duk kayan da ke jikinsa, ta nemi inda za ta ajiye bindiga. Abin da da yawansu suke yi shi ne su daina shan ruwa tun asuba, ciwon mafitsara ya biyo baya. Ba za ka ga wannan a kundin ƙa'idoji ba, ba kuma mugunta ce ta sa ba. Wanda ya tsara aikin bai taɓa buƙatar ya yi tunaninsa ba ne kawai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Amma kaya abu ne da kuɗi suke gyarawa. Wanda ya fi cin mata shi ne lokaci. Aikin yana juyawa ne safe, yamma, dare. Ana iya tsare ka bayan an tashi saboda kame ya zo a ƙurarren lokaci, ana iya soke hutunka da saƙo guda, ana iya yi maka canjin wurin aiki zuwa gari mai nisa. Shekarun da ake gina suna a aikin, daga ashirin da 'yan kai zuwa talatin da biyar, su ne kuma shekarun haihuwa da goyo. A kusan ko'ina a duniya renon yara ya fi faɗawa kan uwa, gidan renon da yake buɗe ƙarfe biyun dare kuwa sai an tona. Ɗan sanda in an yi masa haihuwa abokan aiki su taya shi murna. 'Yar sanda in ta ce tana da ciki, abin da shugabanta a ofis yake fara lissafawa shi ne wa zai cike gurbinta, domin a wurare da yawa ba a turo madadi, sauran 'yan rukunin ne za su raba kwanakinta. Sai haushin tsarin ya koma kanta. Ta dawo daga hutun haihuwa ta tarar an ba wani shari'o'in da take bincike, an tura sa'o'inta kwas ɗin da ake buƙata don ƙarin girma.

Ƙarin girman ma da nasa tarkon, wanda sau da yawa da kyakkyawar niyya ake ɗana shi. Shugaba ya dubi sabuwar 'yar sanda ya ce, "Ke zauna a ofis, waje da haɗari." Ta zauna kan fayil da amsa waya shekara takwas. Ranar zaman ƙarin girma a tambaye ta samame nawa ta jagoranta, tarzoma nawa ta kwantar, babban bincike nawa ta kammala. Babu. A ce ba ta da gogewa. An ɗaure mata ƙafa, an dawo ana tambayar me ya hana ta gudu. Shi ya sa ko inda mata suka yawaita a ƙasa, sama fayau take. Sai 1985 Penny Harrington ta zama mace ta farko da ta shugabanci rundunar babban birni a Amurka, a Portland. Ingila sai 1995 ta sami Pauline Clare a Lankasha. Rundunar Landan kuwa sai 2017, da Cressida Dick, shekara 188 bayan kafa ta.

Sai abin da ba a son faɗa, wato cin zarafi daga abokan aiki. A 2016 shugaban 'yan sandan tarayyar Kanada ya fito bainar jama'a ya nemi gafarar matan rundunar. Mata sama da 3,000 suka shigar da ƙorafi, aka biya sama da 2,300 diyya, kuma tsohon alƙalin kotun ƙoli Michel Bastarache, wanda ya tantance ƙorafe-ƙorafen, ya bayyana al'adar rundunar a rahotonsa na 2020 da cewa gurɓatacciya ce. A Landan, bayan wani ɗan sanda mai ci ya sace Sarah Everard ya kashe ta a 2021, aka sa Louise Casey ta binciki rundunar. Rahotonta na Maris 2023 ya ce ƙyamar mata ta shiga jinin tsarin rundunar. Waɗannan fa rundunoni ne masu kuɗi, masu tarin ƙa'idoji a rubuce.

Cin zarafi akwai shi a kowane wurin aiki, amma na cikin kaki ya fi wuyar fita. Wanda yake takura mata sau da yawa shi ne mai rubuta rahoton aikinta, shi ne mai raba diyuti, umarninsa kuma doka ne. In ta kai ƙara, mai binciken ɗan sanda ne, wataƙila tare suka yi kwaleji da wanda ake ƙara. Mafi muni, a wannan aikin ranka yana hannun abokin aikinka. Ba sai an zage ta ba. Ya isa a daina yi mata magana a mota, ranar da ta kira a rediyo tana neman ɗauki kuma kowa ya yi jinkirin minti biyu. Duk 'yar sanda ta san wannan lissafin ba tare da an karanta mata ba, shi ya sa da yawa suke haɗiyewa, har ranar da suka gaji suka ajiye kakin. Masaniyar zamantakewa Rosabeth Moss Kanter ta nuna tun 1977 cewa in wani rukuni bai kai kashi 15 a wurin aiki ba, ba a kallon ɗayansu a matsayin mutum, ana kallonsa a matsayin wakilin jinsinsa. Namiji ya yi kuskure a ce wane ya yi kuskure. Ita ta yi a ce, "Ka ga matan nan ko?"

Ban manta da gida ba. Iyaye da mazaje suna hanawa, kuma ba duka ne don son zuciya ba. Uban da ya ji irin labaran da na kawo yanzu yana da dalilin fargaba. A inda jama'a suke kallon ɗan sanda a matsayin azzalumi ko maciyin hanci, iyali sun fi saurin hana 'ya mace shiga fiye da ɗa namiji. A wasu wuraren kasadar ta wuce misali: Malalai Kakar, babbar 'yar sanda a Kandahar ta Afganistan, harbe ta aka yi a 2008 tana hanyar zuwa aiki. Wani cikas ɗin kuma ɗan ƙarami ne da sa hannu guda yake kawar da shi. Musulma mai hijabi ta daɗe tana zaɓi tsakanin addininta da kaki, har rundunar Landan ta amince da hijabi a 2001, Sikotland da Turkiyya da 'yan sandan tarayyar Kanada a 2016, Niyu Zilan a 2020. Ba a ji aikin ya lalace a ko ɗaya ba.

An gwada magunguna iri-iri. Akwai caji ofis na mata zalla: Kozhikode a Indiya a 1973, Sawo Fawulo a Birazil a 1985, Rawalpindi a Pakistan a 1994. Sun buɗe wa matan da aka zalunta ƙofar da za su iya shiga, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai takobi ne mai kaifi biyu, domin sauran ofisoshi sukan mai da su juji, duk macen da ta zo da ƙara a ce ta tafi can, jami'an da ke ciki kuma su tsufa ba su taɓa wani fannin aikin ba. Akwai ware kaso. Jihar Bihar ta Indiya ta ware wa mata kashi 35 na guraben ɗauka, yawansu ya haura kashi 20, ta shiga gaban jihohin da suka fi ta arziki. Kaso yana aiki, amma tsugune ba ta ƙare ba, don mafi yawansu a ƙananan muƙamai suke. A Amurka an ƙaddamar da wani shiri a 2021 da nufin mata su kai kashi 30 na kurata zuwa 2030. Wani lokacin ma gani kawai ya isa. Da Indiya ta tura rukunin 'yan sanda mata zalla zuwa Laberiya a 2007 ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, 'yan matan Monrobiya suka riƙa ganinsu da bindiga suna gadi da sintiri, masu neman aikin a cikinsu suka ƙaru. Yarinya ba ta mafarkin aikin da ba ta taɓa ganin irinta a ciki ba.

Ni ban ce dole sai an kai rabi da rabi ba. Mai yiwuwa ko an share hanya tas, mazan da suke sha'awar aikin su fi mata yawa, kuma ba laifi. Amma ba za ka ce mutum ba ya son abu ba alhali ba ka taɓa miƙa masa shi yadda zai iya karɓa ba. Duk rundunar da ta ce mini mata ne ba sa zuwa, nakan ce a kawo mini lissafi: nawa suka nema, a wane mataki aka zubar da su, nawa suka rage bayan shekara biyar, nawa bayan goma. Yawanci lissafin farko kaɗai ake da shi. A ɗebo ruwa da kwando, a dawo ana zargin rijiya.

Akwai wani fom da ake cikewa in jami'i zai bar aiki, da gurbin rubuta dalili. Na taɓa zama da tarin irinsu a wata runduna, kusan duk na mata abu ɗaya aka rubuta: "dalilan iyali". Na nemi ɗaya daga cikinsu, kofur ce mai shekara tara a aiki, da takardun yabo biyu a fayil ɗinta. Na tambaye ta ko mijinta ne ya hana. Ta yi dariya ta ce shi ne ma ya fi ta jin zafin barin. Abin da ta roƙa shi ne a tsayar mata da diyutin safe na wata shida har ta yaye ɗanta, ta koma kwana kamar kowa. Aka ce in an yi mata sai an yi wa kowa. Na ce to me ya sa ba ta rubuta haka a fom ɗin ba. Ta ce, "Malam, wanda ya hana ni ɗin ai shi zai sa hannu a ƙasa."